Mai tashi sama ma sai da ya nemi aiki a gidan jarida

A hutun da ya wuce na je gida Sassumbrum, na tarar da ɗan ƙanwata da abokansa huɗu sun haɗa kai a gindin dogon yaro, sun tasa salula ɗaya a gaba. Fim ne aka tura musu a rumfar mai cajin waya, Superman na 2025 wanda James Gunn ya shirya, da muryoyin Faransanci. Na ɗan tsaya a kansu ina kallo. In an zo wurin dambe da rugujewar gine-gine, sai ihu. In an koma ofis, mutane suna ta surutu a bakin tebur, sai mai riƙe da wayar ya sa yatsa ya tsallake.

Da dare bayan tuwo yaron ya same ni a tabarma. "Kawu," in ji shi, "mutumin nan harsashi ba ya huda shi, yana tashi sama kamar shirwa. To me ya kai shi aikin jarida, har wani tsoho yana daka masa tsawa?"

Na ce ya je ya kwanta, gobe akwai gona. Gaskiya ba ni da amsa a lokacin. Amma tambayar ta biyo ni har Damagaram, kuma da na yi ta juya ta sai na ga wurin da yaran suke tsallakewa nan ne maganar da ta shafe mu take.

Jaridar da wannan gwarzo yake yi wa aiki sunanta Daily Planet, kuma babu ita a duniya. A cikin labarin zane aka haife ta, a can take rayuwa, ga shi yau ta haura shekara 80 tana fitowa kullum safiya a birnin da shi ma ƙirƙirarre ne, Metropolis. Jaridu nawa na gaske, masu injin bugawa da ma'aikata da bashi a banki, suka mutu a wannan tsakani? Ita kuwa an sayar da ita, an rufe ta, an kori ma'aikatanta, an fasa gininta ba sau ɗaya ba, duk da haka sai masu rubuta labarin su sake tayar da ita. Har ta kai wani ƙaramin gari na gaske mai suna Metropolis a jihar Illinois ya sauya wa jaridarsa suna zuwa Metropolis Planet a 1972, wato gaskiya ce ta je ta ari rigar tatsuniya.

Samari biyu ne suka ƙago Superman a birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, dukansu 'ya'yan Yahudawa 'yan ƙaura, talakawa. Labarin ya fara fitowa a mujallar Action Comics ta farko, mai ɗauke da watan Yuni 1938, ana sayar da ita santi 10. A lokacin sunan jaridar Daily Star ne. Shuster a Toronto ta Kanada aka haife shi, kuma yana yaro ya yi tallan jaridar garin, Toronto Daily Star, sai ya ɗauko sunan ya laƙaba. Yaron da ya sha sanyin titi da tarin jarida a hammata, da ya samu damar ƙera mutumin da ya fi kowa ƙarfi a duniya, sai ya tura shi aiki cikin ginin da shi kansa a bakin ƙofarsa yake tsayawa. Dala 130 aka biya su biyun, suka sa hannu suka sallama haƙƙin abin da suka ƙirƙira. A Afrilun 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya tal na waccan mujalla a kan dala miliyan 6. Shuster kuwa ya tsufa idonsa ya kusa mutuwa, yana aikin kai saƙo, sai a 1975 kamfanin da ke riƙe da haƙƙin ya ji kunya ya yanka musu fansho ya mai da sunayensu a kan aikin.

Dalilin sauya sunan shi ma na kasuwa ne. A ranar 16 ga Janairu 1939 aka fara buga labarin Superman guntu-guntu a shafukan jaridun gaske na Amurka. To jaridu masu suna Star sun yi yawa, kuma babu editan da zai so ya riƙa tallar sunan kishiyarsa a shafinsa. Sai aka nemo sunan da ba na kowa ba, aka ce Planet, wato duniya ɗungurungum, kuma zuwa 1940 sunan ya zauna a mujallar. Daga baya aka ɗora wa ginin ƙatuwar ƙwallon duniya a ka.

Wannan wata na Janairu 1939 ya kamata ya yi wa Bahaushe ƙara a kunne, don a cikinsa ne Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Abubakar Imam yana edita, Rupert East yana tsaye a kan aikin. Ba wata alaƙa tsakanin abubuwan biyu, haɗuwar kwanan wata ce kawai. Amma ina jin daɗin tuna cewa a wata guda, a can ana zana ɗan jarida mai tashi sama, a nan kuma wani malami ɗan Kagara, wanda ya riga ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, yana koyon yadda ake faɗa wa sarakuna da Turawa magana a takardar kwabo ɗaya ba tare da an rufe takardar ba. A cikin biyun na san wanda aikinsa ya fi wuya.

To, amsar tambayar yaron. Masu labarin sun ba da ita tun farko, kuma mai sauƙi ce: a 1938 gidan jarida ne wurin da labari yake fara sauka. Waya tana ƙara, ana cewa ga gobara can, ga wani yana dukan matarsa can. Mai ƙarfi in bai ji ba, ƙarfinsa na banza ne. A fitowar farko ma abin da Superman ya yi ke nan: ya fasa ƙofar gidan gwamna da tsakar dare don a dakatar da kashe wata mata da aka yanke wa hukunci bisa kuskure, ya je ya ladabtar da mai dukan mata, ya damƙi wani dillalin cin hanci da ke sayen ɗan majalisa. A fitowa ta uku ya sa mai ramin haƙar kwal ya ɗanɗana zama cikin ramin da yake tura leburorinsa. Babu dodanni daga sama a lokacin. Abokan gabansa irin waɗanda muka sani ne, kuma a teburin jarida yake jin labarinsu. Clark Kent, wato shi Superman ɗin in ya ɓad da kama ya koma ɗan jarida mai tabarau da sanyin jiki, shi ne kunnen. Superman hannu ne kawai.

Sauran mutanen ofishin a hankali suka taru. Lois Lane tana nan tun ranar farko, 'yar jarida mai tsaurin ido wadda ba ta jiran a ba ta labari. Edita na farko George Taylor ne. Perry White, tsohon da ɗan ƙanwata ya ga yana tsawa, da Jimmy Olsen ɗan aike mai kyamara, dukansu daga wasan rediyo suka shigo, wanda aka fara a Fabrairun 1940. Wannan ya burge ni a matsayina na wanda rediyo ya rena. Wasan rediyo ba ya yiwuwa sai da masu magana, mutum ɗaya mai tashi sama ba zai yi ta hira da iska ba, saboda haka aka cika ofishin da muryoyi. A 1946 wannan wasa ya yi makonni yana tona asirin ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙar fata, a gaban kunnen yaran Amurka.

Ni dai ba a Cleveland na fara jin irin wannan labari ba. A ɗakin kakata na ji shi, kuma inda ya faru, in ji masu faɗi, bai kai tafiyar wuni ba daga garinmu. Baƙo mai suna Bayajida ya zo daga ƙasa mai nisa, ya sauka Daura da dare gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, macijiya ta tsare rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Ya je shi kaɗai, ya sare kanta, ya jefa a jaka, ya dawo ya kwanta, ya baro takalmi ƙafa ɗaya a bakin rijiya. Baƙo mai ƙarfi da ya yi aiki a ɓoye ya koma ya yi lamo kamar ba shi ba: ai Clark Kent ke nan. Amma yara kan ƙosa a daidai nan, kamar yadda suke tsallake wurin ofis a fim, alhali abin da ya biyo baya ya fi saran macijiyar daɗi. Yadda kakata take ba da shi, da gari ya waye sarauniya Daurama ba ta yarda da an ce ka ce ba. Ta aika a dubo. Galadima ya hango daga nesa ya dawo, Kaura ya matsa har ya taɓa gawar ya tabbatar. Da aka yi shelar lada, mazaje suka yi ta fitowa kowa na cewa shi ne. Sai aka ce to ina kan? Wa takalmin nan zai shiga? Tsohuwa ta ce tana da baƙo. Ga edita, ga wakilin da ya je ya gani da idonsa, ga majiya, ga hujja. Da ba a yi wannan bincike ba, da wani mai bakin tsiya ya auri sarauniya, Bayajida ya ɗaure sirdi ya wuce.

Abin da nake so in ce ke nan. Labarin gwarzo ba ya tsayuwa sai da mai shaida, kuma mai shaidar dole ya zama wanda zai iya cewa ƙarya ne. Shi ya sa marubutan Superman, da suka sauya hannu sau da yawa cikin shekarun nan, suka kasa rabuwa da Daily Planet ko da sun gwada.

Sun kuwa gwada. A 1971, lokacin da talabijin ta fara cinye kasuwar jarida a Amurka, sai aka rubuta cewa wani attajiri Morgan Edge, mai kamfanin watsa labarai na Galaxy, ya saye jaridar ya mai da Clark Kent mai karanta labarai a talabijin. Sai a 1986, da John Byrne ya sake gina labarin daga tushe, Clark ya koma teburinsa. A 2012 an sa shi ya miƙe a tsakiyar ofis ya yi ƙorafin cewa labarai sun koma nishaɗi, ya ajiye aiki ya buɗe shafinsa a intanet. Jaridun duniya na gaske suka buga wannan murabus kamar na wani minista. Bai daɗe ba ya dawo.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1998. Lex Luthor, hamshaƙin mai kuɗin Metropolis kuma babban maƙiyin Superman, ya gaji da abin da jaridar take rubutawa a kansa. Bai aika 'yan daba ba, bai kai ƙara kotu ba. Saye ta ya yi. Ya rufe ta, ya sallami ma'aikata sai 'yan ƙalilan, ya sa a sauke ƙwallon duniyar nan daga kan gini, ya buɗe tasa kafar a intanet mai suna LexCom. Mutumin da ke iya karkatar da dutsen da ya taso daga sama bai iya yin komai ba, don cinikin halal ne, an biya, an sa hannu. Bayan wani lokaci Luthor ya mai da wa Perry White jaridar a kan dala ɗaya. Kowa na murna, ba a san cewa Lois Lane ce ta je ta yi yarjejeniya a asirce ba: za a dawo da jaridar, amma ita kuma, duk ranar da Luthor ya zaɓa, za ta binne labari guda ɗaya, kowane ne, ba tambaya.

Labari ɗaya tak. Na daɗe ina tunanin wannan farashi, don wanda ya rubuta shi ya san aikin jarida ciki da bai. Mai kuɗi ba ya bukatar ka yi masa ƙarya kullum. Ka faɗi gaskiya kwana 364, hakan ma ya fi masa, don jama'a su yarda da kai. Shirunka na rana ɗaya yake saye. A cikin labarin, da ranar ta zo, Luthor ya riga ya zama shugaban Amurka, Lois kuwa ta yi dabara ta miƙa wa mijinta Clark labarin ya buga da sunansa. A tatsuniya kullum akwai ƙofar baya. Daga bisani ma aka ce Bruce Wayne, wato Batman, shi ya saye jaridar, attajirin kirki ya karɓa daga hannun mugu. Wannan maganin bai gamsar da ni ba. Jeff Bezos ya sayi Washington Post a 2013 a kan dala miliyan 250 aka yi ta sa masa albarka, sai ga shi a Oktoban 2024 jaridar ta fasa bayyana ɗan takarar da take goyon baya ana saura kwanaki zaɓe, masu karatu da yawa suka janye kuɗinsu. A Najeriya MKO Abiola ya kafa Concord a 1980, ta yi tashe, kuma ƙaddararta ta bi ta mai ita. Wanda ya ci ladan kuturu, an ce, dole ya yi masa aski.

Akwai kishiyar Planet a wani gidan, kamfanin Marvel, ita ce Daily Bugle, wato begila irin ta soja. Mai ita J. Jonah Jameson, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka fito da shi a 1963, mutum ne mai gashin baki da taba sigari da ƙiyayyar Spider-Man. Kullum babban kanun jaridarsa zagin yaron ne. Abin dariyar shi ne hotunan da yake bugawa daga hannun Peter Parker yake saye da arha, bai san Peter ɗin ne Spider-Man ba: yaro maraya yana sayar da hoton kansa ga mai zaginsa don ya biya kuɗin haya. Jameson har kuɗi ya zuba aka ƙera mugun da ake kira Scorpion, don ya samu wanda zai kayar masa da abokin gaba, wato ya haƙa labarin da zai buga. A wani fim ɗin Spider-Man na 2019 an mai da shi mai ihu a bidiyon intanet, kuma duk mai salula a Magarya ya san irinsa, don kullum ana turo mana su a WhatsApp, wani daga Kano, wani daga Yamai, wani ma ba a san inda yake zaune ba. Amma ko a Bugle akwai Robbie Robertson, baƙar fata da aka shigo da shi a 1967, edita mai natsuwa da yake iya duban maigidansa ya ce wannan ba za mu buga ba. Akwai Ben Urich, wanda ya gano ko wane ne gwarzon da ake kira Daredevil, labarin da zai ɗaga sunansa, ya zaɓi ya yi shiru don kada ya jefa mutum a halaka. Shiru biyu ke nan, na Lois da na Urich, kuma ba ɗaya ba ne.

Kada in yi wa Clark Kent kara, shi ma da laifinsa. Mutum ne da yake yin aiki da rana, ya dawo ofis ya rubuta labarin aikin da kansa, ya ce ya yi hira da gwarzon. Yabon kai jahilci, balle a karɓi albashi a kansa. Sau da yawa masu labarin suna kau da kai daga wannan, amma a fim ɗin 2025 aka sa Lois ta zaunar da shi ta ce to yau ni zan yi maka tambayoyin. Cikin minti kaɗan mai ƙarfin duniya ya fara gumi yana ɗaga murya, don ta tambaye shi wa ya ba shi izinin shiga rikicin ƙasashen mutane. Wannan na cikin wuraren da yaran suka tsallake.

Mu a nan ba baƙin labarin zane ba ne. 'Yan lakwal na zamaninmu sun yi musayar Akim da Zembla da Blek har bangonsu ya yage, waɗanda suka yi sa'a kuma suka samu Strange, mujallar da aka fara bugawa a Lyon a 1970, inda Spider-Man yake magana da Faransanci. A Najeriya an yi Powerman a 1975, gwarzo baƙar fata, kodayake Turawan Ingila ne, Dave Gibbons da Brian Bolland, suke zana shi. Gwaraza dai mun gani iri-iri. Abin da ban taɓa gani ba shi ne jaridar Hausa da take isowa kasuwar Sassumbrum kowane mako da labarin Sassumbrum a ciki.

Ba wai Nijar ba ta yi jaridu ba. Le Sahel da Sahel Dimanche na gwamnati suna nan. A 1990 Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haske, wadda ta buɗe ƙofar jaridu masu zaman kansu tun kafin babban taron ƙasa na 1991, Maman Abou ya biyo da Le Républicain, Grémah Boukar da Anfani. Duba sunayen: Haske, Anfani. Suna na Hausa, ciki na Faransanci, bugu a Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram, balle a gangaro kudu zuwa Kwaya ko Yekuwa ko Dogo-Dogo. Manomin gyaɗa ko mai rake a fadamun Magarya, ko da takardar ta iso hannunsa, sai dai ya ƙunshe ƙuli-ƙuli da ita. A ƙetaren iyaka an fi mu sa'a, akwai Aminiya tun 2006, an yi Albishir da Alfijir ta ajami a Kano, amma Gaskiya Ta Fi Kwabo kanta shekaru ke nan ba a ganin ta a teburin mai jarida.

Saboda haka rediyo ne Daily Planet ɗinmu. Tsoho da akwatinsa a ƙofar gida da asuba, BBC tun 1957, Muryar Jamus, Muryar Amurka, Muryar Sahel, RFI da ta fara Hausa a 2007, sannan tashoshin FM na Damagaram da ƙananan gidajen rediyon karkara. Sun yi mana aiki, ba mai musu. Sai dai abin mamaki, mutumin Dungas yana iya jin abin da ya faru a Gaza kafin ya ji abin da ya faru a Malawa. Labarinmu kuwa sai ya yi wari yake tashi. Matan yankin Kance sun daɗe suna ɗaukar yara suna bin hanyar Aljeriya neman abin sawa a baki, duk wanda ke cin kasuwannin nan ya sani. Duniya ba ta ji ba sai a Oktoban 2013, da aka tsinci gawa 92 a hamada, yawancinsu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su. A 2018 sai da likitocin MSF suka fitar da sanarwa kafin a ji yawan yaran da maleriya da tamowa suke kashewa a asibitin Magarya a damina. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mu da naira da sefa suke cuɗanya a aljihunmu mu muka san yadda farashin tiya ya yi, amma wa ya bi kasuwa-kasuwa ya rubuta?

Kuma 'yan jaridarmu harsashi yana huda su. A 1986, shekarar da aka mai da Clark teburinsa, aka aika wa Dele Giwa bam a cikin ambulan a Legas. A 1998, shekarar da Luthor ya rufe Planet, aka ƙone Norbert Zongo a cikin mota a Burkina Faso. Moussa Kaka ya shafe fiye da shekara a tsare daga Satumbar 2007. Nijar ta soke ɗauri kan laifin aikin jarida a 2010, Mahamadou Issoufou ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain ta 'yancin jarida a 2011, duk da haka an kama Samira Sabou a 2020, an sake kama ta a 2023. An dakatar da RFI a Agustan 2023, an dakatar da BBC wata uku a Disambar 2024. Farar hula da soja, kowa ya taɓa. Ban kawo wannan don in ce gidajen rediyon waje waliyyai ne ba, kowannensu da mai biyan kuɗin wutarsa. Na kawo ne don duk lokacin da aka toshe wata kafa, ba shiru ne yake maye gurbinta ba, Jameson ne na cikin salula.

Laifin ba na masu mulki kaɗai ba ne. Na taɓa zama a wani taron ƙara wa juna sani da wata ƙungiya ta shirya, na ga yadda bayan jawabin rufewa wakilan kafafen labarai suka yi layi suna sa hannu a takarda, ana miƙa wa kowa ambulan na kuɗin mai. Ban zarge su ba, na san wasunsu wata da watanni ba su ga albashi ba, kuma babur ba ya tafiya da ruwa. Amma washegari duk tashar da na murɗa, jawabin shugaban taron nake ji, kalma bayan kalma. Ba wanda ya je ƙauyen da aka ce an yi wa aikin ya taɓa macijiyar ya ga ko ta mutu. Muna da maroƙa da sanƙira tun kaka da kakanni, sana'arsu ce kuma ba su ɓoye ba, kowa ya san wanda ya ba su riga. Matsalar ita ce roƙo da makirufo da katin ɗan jarida a wuya.

Mu kuma masu saurare, gwarzo muke jira. A fadar shayi duk hirar siyasa a nan take ƙarewa: Allah ya kawo mana namiji, mai ƙarfi, wanda zai gyara. Ban taɓa jin an yi addu'ar Allah ya kawo mana edita ba. Na san za a ce da wane kuɗi, da wane mai karatu, a yankin da yawancin manya ba su yi boko ba. Ba sai takarda ba. Rediyon karkara da ke da mutum biyu masu albashin da ba ya yankewa, da babur, da shugaban da zai iya ce wa magajin gari ranka ya daɗe, mun ji naka, za mu je mu ji na mutanen, ya wadatar a fara. Samarin da suka iya ɗaukar bidiyo da salula sun cika gari. Wanda zai tambaye su ina kan, ina takalmin, shi ne babu.

Ranar da zan koma, na sa yaron ya nemo fim ɗin, na ce wannan karon ba tsallake. Muka zauna a zaure ina fassara masa inda Faransancin ya yi masa sauri. Ya ga yadda Luthor ya tara birai a gaban na'ura suna ta watsa zagin Superman a intanet, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya san wasu a unguwarsu. Ya ga yadda hotunan da wata budurwa ta ɗauki kanta da salula suka isa hannun Jimmy Olsen, Lois da Perry suka duba suka tabbatar, aka buga, asirin mai kuɗin ya tonu.

"Ashe hoton waya ne ya kayar da shi," in ji shi. Ya yi shiru kaɗan. "To Kawu, famfon lakwal ɗinmu tun bara ya lalace, an zo an ɗauki sunayenmu har sau biyu. In na ɗauki hotonsa, wa zan tura wa?"

Na fara lissafo mutanen da na sani a Damagaram, ina cire wannan saboda kaza, ina cire wancan saboda kaza. Ban gama ba ɗan kabu-kabun da zai kai ni tasha ya yi oda a ƙofar gida, yaron ya ɗauki jakata ya yi gaba.